Mai Maɓalli Biyu

Goma sha ɗaya gare ni, cikin gwangwanin shayi,
kowanne a naɗe da ƙyallen tsohon rawani.
Kafin ladanin Birni ya gyara murya
nakan zauna bakin gado in yi masu wani,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba tumaki dusa.
Ba su san batir ba, yatsana ne abincinsu.
In zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu
sai duk su yi shiru, su jira ni.

Zuwaira ta ce, "Hannu biyu Allah ya ba ka,
rana kuwa ɗaya ce bisa Damagaram.
Wayar jikanka ta fi su faɗin gaskiya."
Ban yi musu ba.
Mai farar fuska yana gaba da minti uku,
baƙin nan kullum a makare, kamar motar Tanut.
To, ni ɗin yaushe na taɓa zama daidai?

Na farkon na Baba ne, Laminu direba,
da ya sha jigilar gyaɗa zuwa Kano.
A bakin bashi ya karɓe shi, mai shi bai dawo ba.
Fuskarsa ta rine kamar haƙorin mai cin goro,
ƙananan idanu biyu a ciki, maɓalli biyu a gefe.
Danna na sama, doguwar allura ta zabura.
Sake dannawa, ta ƙame.
Danna na ƙasa, ta koma gida
kamar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.
Da shi Baba ya auna Matamai zuwa iyaka,
da shi ya auna huɗubar liman, a ɓoye,
har da tsawon fushin Inna.

Ni kuwa, shekarun da famfo ya yi mana rowa,
na bi layi da jarka huɗu, na danna:
minti goma sha tara kafin ɗaya ta cika.
Sanin bai ƙara ko ɗigo ba,
sai dai ƙishin da aka auna ya fi sauƙin ɗauka.

Barma Kyari, a rumfarsa ta Kasuwar Dole,
shi ke buɗe bayansu, gilashi maƙale a ido.
Ya ce, "Leƙa." Na leƙa.
Gari guda a wurin da ɗan yatsa zai rufe:
haƙora na cizon haƙora ba faɗa,
jajayen duwatsu da ba su kai ƙwayar gero ba,
da zaren ƙarfe, siririn gashin jariri, yana numfashi.
Wani ya zauna a wata ƙasa mai sanyi
ya goge ƙusar da ya san ba mai ganinta.
Ban san sunansa ba, ƙasa ta daɗe da rufe shi,
ga aikinsa na bugawa bisa jijiyata.
Saboda wannan na sayar da keke,
na ce wa Zuwaira taya ce ta lalace.

Yanzu idon Barma ya fara hazo,
yaransa duk sun koma gyaran waya.

Ranar da Baba ya cika, mun tarar allurar na gudu.
Har yau ba wanda ya san me yake aunawa.
Na bar ta ta gaji don kanta,
ban taɓa na ƙasa ba sai bayan sadakar arba'in.

Jiya Gwamma, jikanyata, ta kara shi a kunne,
ta ce, "Kaka, gyare ya shiga ciki."
Ta ce in danna, za ta taɓo dutsen bayan gida ta dawo.
Na danna. Ta kwasa, ba takalmi.
Ta dawo tana haki: "Nawa?"
Ban sani ba.
Ita nake kallo, na manta in tsayar.